Labarin Malam Abdullahi Mai Gwandu

 Yau labarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo za mu ɗauko, ƙanen Shehu Usmanu, wanda mutanen ƙasarmu su ke kira Mai Gwandu, waɗansu kuwa su ce Mai Boɗinga. Almajirai sun san shi wajen littattafansa, masu ziyara sun san hubbarensa a Gwandu. Amma kaɗan ne su ke tunawa da cewa malamin nan shi ya ja runduna ran da aka kori Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto, shi ya buɗe ƙasar Kabi har jama'a ta sami wurin zama, shi ne kuma ya juya wa rundunar baya ya shiga daji sa'ad da nasara ta fara zaunawa. Wannan na ƙarshe shi ya fi cancanta a tsaya a kansa, gama jarumai suna da yawa cikin tarihi, amma wanda cin nasara ya fi ba shi tsoro bisa ga shan kashi, irinsa ba su da yawa.

An haife shi a shekara ta 1180 ta Hijira, watau 1766 bisa lissafin Turawa, cikin Toronkawa, gidan malanta tun kaka da kakanni. Shehu ya girme shi da shekara 12. Ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsu Muhammadu Fodiyo, da ya kai shekara 13 aka danƙa shi hannun wansa, tun daga ran nan kuwa ba su rabu ba sai abin da ba a rasa ba. Ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya ji Sahihul Buhari wurin Malam Muhammadu ɗan Raji, da waɗansu malamai masu yawa waɗanda shi da kansa ya jera sunayensu cikin littafinsa Ida'un Nusuhi. Larabci ya zauna masa a baki ƙwarai, har ya zama in wani malami ya aiko wa Shehu da suka cikin waƙa, sai Shehu ya miƙa wa Abdullahi ya ce ya mayar da jawabi. Haka aka yi sa'ad da su ke yawon wa'azi a Zamfara, wani malami, Mustafa Gwani, ya zarge su da barin mata suna zuwa wurin wa'azi tare da maza. Abdullahi, yana saurayi ɗan shekara kamar 20, ya mayar masa da cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi wannan muni. Yana nan kuma a Magami cikin 1788, ran da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ya raba musu dukiya, Shehu ya ƙi karɓa, ya roƙi a bar shi ya yi kira, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji.

Bayan Bawa al'amari ya yi ta tsanani. Sarkin Gobir Nafata ya yi shela a kasuwa, ya hana wa'azi ga kowa sai Shehu kaɗai, ya hana maza naɗa rawani, mata lulluɓi. Da ɗansa Yunfa ya hau, sai rundunar Gobir ta faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, kusa da inda Jega ta ke yau, aka kamo mutane aka biyo da su ta gaban Ɗegel a ɗaure. Jama'ar Shehu suka tare hanya suka kwance su. Daga nan ba sauran gyara. Cikin watan Zulƙida na 1218, Fabrairu 1804, aka yi hijira zuwa Gudu, can gefen ƙasar Gobir. A nan jama'a suka ga ba su da shugaba wanda zai ɗaure musu al'amari, suka yi shawara su yi wa Shehu mubaya'a. Wanda ya fara miƙa hannu Abdullahi ne, sa'an nan Muhammadu Bello ɗan Shehu, sa'an nan Umaru Alkammu. Ya zama waziri tun daga ranar.

To, ku dubi halin da a ke ciki. Shehu ya kai shekara 50, shi kuwa ba ya fita fagen fama da kansa, nasa addu'a ne da shawara da fetawa. Jama'a kuwa almajirai ne da makiyaya da talakawan ƙauye, ba su da lifidi, ba su da sulke, dawakinsu duka ba su wuce 20 ba. Yunfa ya taso da barade masu lifidi da Azbinawa bisa raƙuma, yana nufin ya kewaye su ta baya ya yanke musu hanya. Aka ba Abdullahi tuta. Ranar Alhamis, 21 ga Yuni 1804, cikin watan Rabi'ul Awwal, rundunan biyu suka gamu a bakin Tabkin Kwatto. Jama'a suka riga su isa ruwa, suka yi alwala, suka daidaita sahu. Dawakin Gobir suka afka wa dama da hagun har suka naɗe su suka haɗa da tsakiya, amma tsakiyar ba ta motsa ba. Da mutane suka dunƙule wuri guda sai 'yan baka suka sami abin da su ke so, suka yi ta zuba kibau, doki kuwa in ya sha kibiya ba ya sauraron linzami. Kafin rana ta karkata Gobirawa sun watse, Yunfa ya tsere ya bar kayansa da tamburansa a sansani. Abdullahi ya kwatanta ranar da ranar Badar, kuma ba shi kaɗai ya ga haka ba, domin labarin yana bazuwa sai mutanen da da su ke jira su ga inda iska za ta kaɗa suka yi ta kwararowa.

Daɗin bai daɗe ba. Ƙarshen shekarar suka tasam ma Alƙalawa, babban birnin Gobir, suka kāsa cinta, kibiya ta sami Abdullahi a ƙafa. Yana kwance yana jinya Gobirawa da Azbinawa suka auko musu a Tsuntsuwa, cikin Disamba 1804, aka kashe mutum kamar 2,000, a cikinsu akwai mahaddatan Alƙur'ani kamar 200. Shi da kansa ya ba da labari cikin Tazyinul Waraƙati cewa da ya ga mutane suna gudu sai ya miƙe da ɗingishi ya tare su, ya komo da waɗanda suka saurare shi. Ku riƙe wannan rana a zuciya, gama za ta komo cikin labarin. Waɗanda suka kwanta a Tsuntsuwa su ne abokan karatunsa, waɗanda suka san dalilin da ya sa aka fito.

Bayan Tsuntsuwa yunwa ta fi abokan gaba tsanani. Jama'a mai yawa haka, da mata da yara da dabbobi, ba gona, ba rumbu, ba ta iya zama wuri guda. Suka gangara Zamfara suka sauka a Sabon Gari. Daga can aka dubi yamma, aka ga ƙasar Kabi, ƙasar Kanta, mai fadama da shinkafa da kifi da makiyaya. Akwai kuma wani ɗan sarautar Kabi, Usmanu Masa, wanda ya riga ya bi Shehu. Aka tashi runduna, Abdullahi da Aliyu Jeɗo suna gaba, suka yi ta cin garuruwa masu ganuwa ɗaya bayan ɗaya, har cikin Muharram na 1220, Afrilu 1805, suka shiga Birnin Kabi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita ya yi arewa, aka naɗa Usmanu Masa a gurbinsa. Ba a taɓa samun ganima irin ta wannan yaƙi ba tun da aka fara.

Cin Birnin Kabi shi ya buɗe hanyar Gwandu. Da damina ta shekarar nan ta 1805 Shehu da jama'a duka suka taso daga Sabon Gari suka sauka can. Kada mai karatu ya zaci birni suka tarar. Sunan ma daga gandu ya fito, watau gandun sarakunan Kabi, ƙauyen noma ne a cikin kwari, tuddai masu duwatsu sun kewaye shi, ba ganuwa, ba kasuwar kirki. Abin da ya ja su ruwa ne da ƙasa mai albarka da ciyawar dabbobi. Mutanen da suka shekara ɗaya da rabi suna yawo da kaya a kai, daga Gudu zuwa Magabci, zuwa bakin Alƙalawa, zuwa Zamfara, a nan suka fara kafa bukka da niyyar su ga kakarta. Aka share wurin masallaci, aka raba filaye, malamai suka shimfiɗa buzu suka koma ga karatun da yaƙi ya yanke. Amma zama ne na bakin iyaka. Gobir tana arewa ba ta faɗi ba, Kabawan da suka bi Hodi suna nan kusa, Zamfarawa da suka karɓe su da farko sun fara juyawa saboda abin da mayunwatan runduna suka yi wa rumbunansu.

Ba su cika wata huɗu ba sai ga labari, Gobirawa da Azbinawa da Kabawa sun haɗa kai sun nufo Gwandu. Shugabanni suka rabu biyu, waɗansu suka ce a tsaya a gida a jira su, waɗansu suka ce a fita a tarye su. Masu son fita suka rinjaya. A kan hanya aka yi abin da ya tsaya wa Abdullahi a rai har ƙarshen zamansa. Rundunar ta biyo ta wani gari, Kwalda, wanda ke cikin amana da jama'a, sai mayaƙa suka faɗa masa suka washe. Abdullahi da Bello suka yi iyakar ƙoƙarinsu su hana, ba wanda ya ji, har Bello ya kusa rasa ransa a hannun mutanensa. Abdullahi ya ce a koma gida, domin rundunar da ta ci amana ba ta da hujjar neman taimakon Allah. Aka ƙi. Suka ci gaba suka gamu da abokan gaba a Alwasa, cikin Sha'aban, Nuwamba 1805, aka karya su mummunan kari, mutum kamar 1,000 suka kwanta. Usmanu Masa kuwa, da ya ga haka, sai ya koma wajen danginsa.

Saura suka komo Gwandu a gigice, abokan gaba na biye. Gari ba ganuwa, mata da yara a ciki. A nan Shehu ya fito da kansa ya yi wa mutane magana har zukatansu suka komo. Aka yi kwanaki ana artabu a gefen gari. Duwatsun nan da suka kewaye kwarin su suka yi aikin ganuwa, gama raƙumi da doki mai lifidi ba su da ƙafar hawan tsakuwa, 'yan baka kuwa nan ne gidansu. Rundunar taron dangi ta karye ta watse. Da ƙura ta kwanta, cikin 1806, Bello ya tsaya aka gina wa Gwandu ganuwa. Da garin ya faɗi a makon nan, da babu Sakkwato, da babu sauran labarin da za mu ba ku.

Daga nan al'amari ya yi ta hauhawa. Masu tuta suka ci Katsina da Daura da Kano, dukiya ta fara shigowa, bayi da dawaki da tufafi. Sai Malam Abdullahi ya duba dama da hagun, ya ga fuskokin da ya sani a Ɗegel sun ragu, Tsuntsuwa da Alwasa sun cinye su, waɗanda suka cika wurinsu kuwa ba su san wahalar farko ba. Abin da ya lissafa na laifinsu ba boyayye ba ne: rige-rigen muƙami, tara ƙwaraƙwarai da riguna, cin ganima tun ba a raba ta bisa shari'a ba, karɓar rashawa, sayar da 'ya'ya a kasuwa da sunan bayi, ga masallatai da makarantu an bar su ba mai kula. Abin da ya bambanta shi da sauran masu ƙorafi, bai fid da kansa daga ciki ba. Ya ce ya duba ya ga shi ma abin yana janye shi, ganin aibin wani kuwa ba zai tsare shi ba. Saboda haka cikin shekara ta huɗu bayan hijira, 1807, runduna tana kan hanyar Alƙalawa, wazirin Shehu, babban jagoran yaƙi, ya zame da dare shi da mutum 5, ya fuskanci gabas, niyyarsa Makka da Madina, ba da nufin komowa ba. Suka kwana 3 cikin dajin da ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye.

Tafiya ta kai su Kano, zamanin Sarki Sulaimanu. Kanawa suka tare shi suka ce ba zai wuce ba sai ya koya musu yadda a ke tsai da hukunci, gama sun kori sarakunan Haɓe amma sun rasa yadda za su yi da abin da ya faɗo hannunsu. Ya gaya musu a fili cewa abin da ya gani wurinsu shi ne abin da ya baro a gida. Suka nace. Sai ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya bayyana yadda a ke zaɓen shugaba, da aikin waziri da alƙali da mai hisba, da hukuncin ƙasa da haraji da ganima, da iyakar abin da mai mulki ya ke da ikon yi. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani tun daga farko har ƙarshe. Ya ba da labari cewa mutane suka tuba, suka farfasa kayan kiɗa, har kwaryar ganguna ta koma abin zuba wa dawaki abinci. Sa'an nan suka lallashe shi ya komo gida. Makka dai bai gan ta ba har ya mutu.

Masu hukunta mutanen da daga kan tabarma suna iya cewa wannan gudu ne, jagora ba ya barin runduna a bakin daga. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, gama yaƙin da ya baro bai ci Alƙalawa ba, sai a Oktoba 1808 Bello ya ci ta, aka kashe Yunfa. Amma a ganina wanda ya tashi da kibiya a ƙafa ya tare masu gudu a Tsuntsuwa ba a koya masa tsayuwa. Da ya yi shiru ya zauna, da ya fi kowa rabo, gama shi ne na biyu a daular. Kuma tafiyar ba ta tashi a banza ba. Littafin da ya rubuta a Kano ya zama abin da alƙalai da sarakunan ƙasar Hausa suka yi ta komawa gare shi shekara da shekaru.

Da ya komo bai ajiye takobi ba. Ya ja runduna yamma, ta Dandi, har suka ƙetare Kwara suka shiga ƙasar Gurma. Bai kuma ajiye gardama ba, ko da wansa ne. Abdullahi yana ganin bai kamata a kira shugaban Musulmi da sunan sarki ba, kada a komo da sarautun da aka yaƙa, kada a buga tambari sai don tara runduna, kada shugabanni su sa alharini da zinariyar da aka samo a ganima. Shehu kuwa ya sassauta cikin waɗansu daga cikin waɗannan, yana duban abin da mutane za su iya ɗauka, kada a tsananta a kan abin da malamai suka yi saɓani a kansa. Suka yi ta mayar wa juna da littafi, Shehu da Najmul Ihwani, Abdullahi da Liya'us Sulɗani, ba zagi, ba gaba. Cikin littafin nan nasa ma Shehu ya umurci almajirai su karanta rubutun ƙanensa, domin shi ne mai tsare zahirin shari'a. Ko a yau ba kowane gida ne ƙane zai saɓa wa wa a rubuce, wan kuma ya ce a je a karanta ba.

Cikin 1812, Shehu yana zaune a Sifawa, ya raba kula da ƙasa. Gabas ta zama ta Bello, wanda ya riga ya gina Sakkwato tun 1809, yamma ta zama ta Abdullahi, shi kuwa ya zauna a Boɗinga kusa da wansa. Rabon yamma shi ne asalin daular Gwandu, wadda daga baya ta haɗa har da Nufe da Ilori da Yawuri, da Sayi da Liptako can ƙetaren Kwara, ƙasashen da yau waɗansunsu ke cikin Jamhuriyar Nijar da Burkina Faso.

Shehu ya rasu a Sakkwato ran 3 ga Jimada Sani 1232, watau 20 ga Afrilu 1817. Masu tarihi sun ruwaito cewa da labari ya iske Abdullahi ya hau ya nufo Sakkwato, ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an yi wa Bello mubaya'a. Ku auna wannan a zuciyarku. Mutum ya yi shekara kusan 40 yana bin wansa, shi ya fara miƙa hannu a Gudu, shi ya fi kowa ilmi bayan Shehu, ga shi kuma tun a Kano ya rubuta gargaɗi kada shugabanci ya koma gadon ɗa daga uba irin na sarakuna. Manyan jama'a kuwa suna da nasu dalili, Bello ne mai runduna, shi ya ci Alƙalawa, yana da ƙuruciya, ƙasa kuma tana shirin tayarwa. Abdullahi bai tara mayaƙa ba, ko da ya ke yana da su. Ya juya linzami ya tafi Gwandu. Abin da ya yi kaɗai shi ne ya rubuta littafi a kan sharuɗɗan imamanci, Sabilus Salama. Amma bai yi mubaya'a ba, aka yi shekaru baffa da ɗa ba sa haɗuwa.

Abin da ya haɗa su tawaye ne. Malam Abdussalami, mutumin Gimbana wanda a kan jama'arsa aka fara faɗan, ya ga rabon da aka ba shi bai kai wahalarsa ba, ya tayar a Kware, aka yaƙe shi, ya mutu da rauni a Bakura farkon 1818. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka yi ƙarfi har Abdullahi ya kāsa cinsu shi kaɗai. Wajen 1821 Bello ya taso da rundunar Sakkwato, gama hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Aka haɗu aka ci garin. Bayan yaƙi suka fuskanci juna bisa dawaki. Bello ya zare ƙafa daga likkafa zai sauka ya gai da baffansa, yadda ɗa ke yi. Abdullahi ya ɗaga hannu ya hana shi, shi ya sunkuya ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Sa'an nan ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Giɗaɗo ɗan Laima, watau ya sallama masa wazirci. Buhari ɗan Abdussalami kuwa aka karɓi tubansa, shi ne ya kafa Jega.

Daga nan ya janye hannunsa daga yawancin sha'anin mulki, ya bar wa ɗansa Muhammadu da Muhammadu Buhari ɗan Shehu, mai Tambuwal, su ke jan runduna. Shi ya koma ga allo da tawada. Babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, ya riga ya gama shi tun Shehu na da rai, sa'an nan ya taƙaita shi cikin Kifayatu Lu'afa'is Sudan saboda almajiran da ba su da ƙarfin babban. Yana da Baharul Muhiɗi a nahawu, da Hisnur Rasini a sarfu, waɗanda har yanzu a ke karantawa a zaure. Tazyinul Waraƙati, inda mafi yawan labarin nan ya fito daga bakinsa, ya tara shi a 1813, wani Bature, Mervyn Hiskett, ya buga shi da fassarar Turanci a Ibadan cikin 1963. Ya rasu a Gwandu farkon shekara ta 1245, watau 1829, aka rufe shi a can.

Garin da ya zauna bai daina zama bakin iyaka ba bayansa. Kabawa ba su taɓa sallamawa duka ba, kuma suna da nasu labarin, wanda jikokinsu ke bayarwa da alfahari, gama a wurinsu ƙasar kakanninsu su ke karewa. An kashe Hodi, aka kashe Karari a 1831, sa'an nan Yakubu Nabame ya tayar a 1849 ya kafu a Argungu. Da Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Halilu ɗan Abdullahi, ya tarar hanyoyin yamma ba su biyuwa sai da tsoro. Halilu bai yarda ya gan shi ba. Amma baƙon ya yaba albasar garin da ayabarsa, kuma a nan wani malami ya ba shi aron Tarihus Sudan, tarihin Sanwai da Tumbutu, ya zauna ya kwafi abin da ya iya, ta nan ne Turai ta fara sanin littafin. Haliru ɗan Abdullahi, wanda ya gaji Halilu, a fagen yaƙi da Kabawa ya mutu. Gabar ba ta mutu sarai ba sai 1934, da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa su a gulbi, asalin bikin kamun kifin nan da duniya ta sani.

Zamanin Turawa aka mai da mazaunin Sarkin Gwandu Birnin Kabi, birnin da Abdullahi ya ci a 1805, wanda kuma ya zama babban birnin Jihar Kebbi da aka ƙirƙira a 1991. In ka fito daga cikinsa ka yi kudu kan hanyar Jega, garin da za ka fara tararwa mai girma shi ne Kalgo, a bakin fadama, inda hanyar Bunza ta rabu. Ƙasar nan tana cikin wadda rundunarsa ta buɗe, tana kuma cikin wadda aka yi ta ja-in-ja a kanta da Kabawa. Sarautar hakimin Kalgo ita ce Sarkin Gobir, 'ya'yan gidan Abdullahi ke riƙe ta. Ku duba ikon Allah: malamin da ya yi jayayya da wansa a kan kada a kira shugaba sarki, wanda kuma ya fara suna ran da ya kori Sarkin Gobir a bakin tabki, ga jikokinsa ana naɗa musu rawani da wannan suna. Malam Haruna ya riƙe sarautar kafin ya hau gadon Gwandu a 1954, ya yi shekara 41 a kai, ya rasu a 1995.

Allah ya jiƙan magabata. Tamat.